Majanyin da Iya Ta Riƙe

Simintin da Kalilu ya shafe tsakar gida da shi ne ya kayar da mahaifiyarsa, duk Magamar Jibiya an san haka, sai dai ba mai faɗa a gabansa. Shekarun ne da kuɗin fetur ya shigo ƙasa, duk wanda ya iya riƙe sitiyari ya zama mutum. Kalilu yana jan gingimari tsakanin Ikko da Kano da Maraɗi. Da ya ji hannunsa ya yi nauyi, sai ya rushe ɗakin ƙasa na Iya Salmatu, ya tayar mata da na bulo, ya rufa kwano, ya ce wa magini ya goge daɓen har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Magini kuwa ya cika aiki har ya wuce. Tsohuwar da ta haura shekara saba'in tana taka ƙasa lafiya lau, ran da aka yi ruwan farko ta fito da butarta, santsi ya kwashe ta, ƙwaurinta na hagu ya karye.

Aka ɗauko Rabe maɗori daga Gangara, ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure, ya ce kwana arba'in kada ta motsa. Sai maganar mai jinya ta taso. Matar Kalilu tana can Bugaje wurin iyayenta goyon ciki, shi kuma ba ya kwana uku a gari. 'Ya'yan Iya da suka rayu biyu ne kacal, shi auta, da kuma Tsahara 'yar fari, wadda ke zaune a Ɗan Isa, hayin iyaka cikin Nijar. Don haka ya tayar da mota ya tafi ya ɗauko ta.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Iya Salmatu ta fi ta kowa tsauri. Ana yaye Tsahara aka miƙa ta ga kakarta ta wajen uba a Ɗan Isa. A can ta girma, a can ta yi aure, ta haifa ta aurar, har mijin ya rasu ya bar ta tana sayar da kanwa da gishiri. Yanzu ta ba hamsin baya, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwar da ta haife ta ba. In ta zo biki ko suna ta durƙusa ta gaishe ta, Iya bango take amsa wa. Tsahara ba ta riƙe abin a rai ba, al'ada ce, ita ma tana ɗan yi wa nata ɗan farin. Sai dai in za ta faɗi gaskiya, ba ta san matar nan ba.

Kwana arba'in ɗin nan an yi su ne kamar ana wasan ɓuya. Duk abin da ya shafi taɓa jiki, Mariyamu ce ke yi, wata maƙwabciya ƙawar Iya tun ƙuruciya, ita ma ta rankwafa. Tsahara ke girki da wanki da ɗebo ruwa. Ta ajiye kwano gefen gado ta ja da baya, Iya ta jira sai ta fita sannan ta buɗe. In akwai magana, sai Iya ta dubi Mariyamu ta ce a faɗa wa waccan gishiri ya yi yawa, alhali waccan ɗin tana tsaye a bakin ƙofa. In kuma ba kowa a ɗakin, buta take faɗa wa. Butar nan ta ji saƙo iri-iri.

Ranar da Rabe ya dawo ya kwance ɗorin, ya lallatsa ƙwaurin ya ce Alhamdu lillahi, ƙashi ya kama. Amma ya ce aikinsa ne ya ƙare, nata yanzu ya fara. Dole ta taka ƙafar kullum, ko da zafi. In har aka yanke gero ba ta saba takawa ba, jijiya za ta ƙage, daga nan kuwa ko shi ba shi da dabara, sai dai ta ƙare kwananta a zaune. Ya ce a samu mai ƙarfi ta riƙa dafawa, yana faɗa yana duban Tsahara. A lokacin gero ya fara fitar da kai.

Iya ta ce wa bango ita sanda ta ishe ta. Aka kawo sanda. Ta yunƙura ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, tana ɗora sandar a kan simintin nan sai ta zame, Allah ya sa gado na kusa ta koma ta zauna daɓas. Ba ta ji ciwo ba, amma tsoro ya shige ta. Mariyamu ba ta iya ɗaukar nauyin kanta balle na wani. Tsahara ta zo ta durƙusa gabanta ta miƙa kafaɗa, Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsahara ta fita ta shige madafa, ta yi kuka na haushi tsantsa. Mace ta gwammace ta gurgunce da ta dafa kafaɗar 'yar da ta haifa, wannan wace irin kunya ce? Haka aka ci kwana bakwai ƙafar ba ta taɓa ƙasa ba.

Ana cikin haka Kalilu ya dawo daga Ikko da keken guragu ɗaure a saman buhunan siminti, sabo fil, ƙarfensa na ƙyalli. Unguwa ta taru kallo, ana ta sa masa albarka. Aka ɗaga Iya aka zaunar, ya tura ta ya zagaya tsakar gida, tsohuwa har da murmushi. Kowa ya ji daɗi ban da Tsahara, don ta ga yadda Iya ta jingina bayanta ta saki jiki, ta san in ta kwana uku a cikin abin nan an gama. Ta jira mutane suka watse, ta ja ƙanenta zaure.

"Yaya, mi kike so in yi?" in ji Kalilu, idonsa ya yi ja. "Ni na kada ta da simintina. Ko barci ba ni iya yi."

"Ka kada ta sau guda, Allah ya sa da sauran kwana," in ji Tsahara. "Kekenga naka shi zai zaunar da ita har ta mutu. Kai shi shago ka kulle. In kana son taimako, ka cika mani mota da yashin gulbi."

Bai gane ba, amma ya bi. Washegari aka juye yashi aka baje shi a kan simintin nan mai tsada, tun daga bakin ɗaki har zaure. Magini ya zo wucewa ya leƙa, ya kama baki ya tafi. Iya kuwa ta yi fushi da aka ɗauke mata keke, ta wuni ba ta ce wa buta komai ba.

Santsi ya kau, saura babbar matsalar. Tsahara tana wanke-wanke tana juya abin a ranta, sai ta tuna yadda matan ƙauye ke yi ranar kasuwar Jibiya in cunkoso ya yi yawa: ta gaba ta kutsa, ta baya ta riƙe mata bakin zane, ba mai kallon fuskar wata. Ta tsame hannu ta shiga ɗaki ta buɗe adakar Iya, ta ciro wani majanyi saƙi mai kauri da aka saya ana jiran haihuwar matar Kalilu. Ta ɗaura shi a ƙugu ta ƙulle tam ta gaba, ta bar shi da ɗan sako-sako ta baya yadda hannu zai shiga. Sa'an nan ta je da baya da baya, ta zauna a bakin gado, ta ba Iya ƙeya, ta dubi buta.

"A hwaɗa ma mai ɗakinga," ta ce, "ga zane nan. Zane ne, ba mutum ba. Wanda duk ya riƙe zane bai riƙe kowa ba."

Tsahara ta fara jin kunyar kanta, babbar mace da jikoki tana zaune tana yi wa buta bayani. Tana shirin tashi sai ta ji an taɓa majanyin, an saki, an sake kamawa da hannu biyu. Ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, nauyin tsohuwa gaba ɗaya ya rataya a ƙugunta. Taku huɗu suka yi ranar, zuwa bakin ƙofa, Iya na nishi tana kiran sunan Allah. Da suka koma ta zauna, sai ta ce wa buta yashin nan bai da laifi.

Cikin mako guda suka kai zaure. Daga nan Iya da kanta ta kawo dalilin fita. Ta ce abin kunya ne mutane sun yi ta sintirin dubiya, ita kuwa ba ta taka ta je ta yi musu godiya ba. Aka tsara gida ɗaya kowace safiya, da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Ranar farko da suka ɓullo ƙofar gida, matan unguwa suka leƙo ta kan zana suna dariya ƙasa-ƙasa, wai 'ya ta goya uwa. Iya ta ɗaga kai ta wuce su kamar ba da ita ake ba.

Tsahara mace ce mai sauri. Shekara da shekaru tana cin kasuwannin ƙauye da kaya a ka, in tana tafiya ba ta ganin komai sai inda za ta. Yanzu dole ta koyi ajiye ƙafa ɗaya ta jira, ta ji an sauke ta baya, sannan ta ɗaga ɗayar. Tun da ba ta da damar waiwaye, sai ta koma sauraro da ƙugunta. In majanyin ya ja ta hagu, ƙafar ce ke zafi. In ya yi ƙasa, gajiya ce, sai ta tsaya ta yi kamar tana gyara ɗankwali. In numfashin da ke bayanta ya daidaita, ta ci gaba. Da farko abin ya gundure ta matuƙa, lungun da za ta ratsa kafin a ƙifta ido sai ya ci musu rabin hantsi.

Sannu a hankali idonta ya buɗe. Ta fara lura da tafasar da ta tsiro gindin katanga, da layin tururuwa da ke tsallaka hanya kullum a wuri guda, da ƙamshin ƙasa in an kwana da ruwa, wanda warin fetur ke katsewa daidai bayan wani dannin kara inda aka jera durom-durom ana jiran mai tsallaka iyaka da su. Ta san gidan da ake daka da wuri da gidan ragwaye. Ta san rediyon tela, da inda inuwar itacen bedi ke kaiwa in sun fito a kan lokaci. Iya kuma bakinta ya buɗe, amma ba da ita take ba. Bedin take gaya wa wanda ya dasa shi da shekarar da fari ya kusa kashe shi. Rijiya take tuna wa matar da ta taɓa jefa guga da igiya duka a ciki don ta ga saurayinta. Ta tsaya gaban sabon gidan kwano ta gaya masa cewa da can nan masussuka ce. Tsahara na gaba tana ji, wani lokaci dariya ta kama ta har majanyin ya girgiza, sai ta ji an ɗan ja shi, wato ta natsu. A haka ta san garin da aka haife ta, ta kuma gane cewa matar nan mai amsa wa bango gaisuwa tana da ban dariya ƙwarai.

Ba kullum ake dawowa da daɗi ba. Wata safiya suna tsallaka kwalbati wata babbar mota ta danna ƙaho a bayansu, Tsahara ta manta ta zabura, ta fizgi tsohuwa har gwiwarta ta kusa kai ƙasa. Kwana biyu Iya ta ƙi fita, ta juya wa ƙofa baya. Tsahara ta rasa inda za ta sa kanta, ga gero ya fara ja a gonakin bayan gari. Ba ta roƙa ba, don ta san roƙo ba zai yi ba. Kowace safiya dai ta ɗaura majanyi ta zauna bakin gado ta ba da baya, har rana ta ɗaga ta tashi. A rana ta uku aka kama.

Da gidajen unguwa suka ƙare, Iya ta ce saura tasha. Can ne, gindin wata tsamiya da ke kallon shingen kwastan, ta shekara talatin tana sayar da fura kafin Kalilu ya hana ta. Tafiyar da nisa ga mai irin ƙafarta, sau uku suna hutawa a hanya. Suka tarar da motoci sun yi layi har ido ya gaji, wasu da siminti, wasu da atamfa, wasu sun fito Maraɗi da wake da shanu, 'yan dako na ta kai da kawowa. Wani tsoho mai jajayen haƙoran goro ya hango su ya taso yana tafa hannu. Nagoggo ke nan, shugaban 'yan dakon tashar, mutumin Maraɗi ne da ya zo ci-rani tun yana saurayi bai koma ba. Ya gaishe da Iya ya yi mata barka, ya ce tun da ta tashi ba su sake shan furar kirki ba. Sa'an nan ya zagayo ya dubi fuskar Tsahara da kyau.

"Iya, wagga ita ce ta Ɗan Isa?" ya ce. Iya ta dubi tsamiya. Ya yi dariya ya juyo ga Tsahara. "Ɗiyata, ke ba ki san mu ba, mu kau mun san ki sarai. Shekara talatin, duk motar da ta hito hayi sai matagga ta tare direba da ludayi. Ta ce ya mutanen Ɗan Isa, an yi ruwa? Unguwar masu kanwa lahiya? Ba a yi rashi ba? Sai ya ce lahiya lau sannan ta dama mashi. Ran da anka ce kin haihu, kyauta munka sha hura tashagga duka, ta ce wai nono ne ya yi mata yawa. An ba ta rumhwa cikin kasuwa ta ƙiya, ta ce ita nan take jin iska."

Iya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta gaya wa tsamiya cewa wasu tsofaffi bakinsu ba shi da ƙyaure. Tsahara ta ɗaga kai. Tana tsaye tana kallon hanyar da ta miƙe ta wuce shinge ta nufi garinsu, ta ga lalle daga gindin tsamiyar nan ba motar da za ta shigo ba a gan ta ba. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, ta gode wa Allah da ya sa baya ta ba uwarta. Daɗi ta ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba, da kuma baƙin cikin shekarun da ta yi tana zaton ba a damu da ita ba. Suka juya gida, ko bedi bai samu labari ba ranar.

Ana tsakar yankan gero Rabe ya dawo. Ya sa Iya ta miƙe ita kaɗai, ta taka daga bakin ɗaki zuwa zaure ta dawo, ba sanda ba majanyi. Tana ɗan ɗingishi, amma ta je ta dawo. Ya ce ƙafa ta tsira, sai godiyar Allah. Kalilu ya rasa abin yi don murna, ya shiga raba goro har ga masu wucewa. Da ya natsu ya ce jibi yana da lodin Maraɗi, sai ya sauke Yaya a gida, ta yi ƙoƙari, kasuwarta ma ta kwanta. Tsahara ta ce to. Iya tana zaune tana kallon yashi.

Washegari da hantsi Tsahara na tsakar gida tana ninke kayanta, sai ta ji murya daga ɗaki ana yi wa buta lissafin gidajen da ba a je godiya ba. Akwai gidan Lawwali mahauci, akwai gidan Adama mai saƙa can bayan makaranta, akwai wasu mutane a bakin gulbi. Tsahara ta tsaya da zane a hannu. Ita ke buɗe wa 'yan dubiya ƙofa tun ranar da ta zo, ta san Lawwali bai taɓa leƙowa ba, Adama kuwa tana Katsina wurin 'yarta tun kafin a yi faɗuwar. Ta ajiye zanen, ta ɗauko majanyi ta ɗaura, ta shiga da baya ta zauna a bakin gado.

Aka kama. Ta miƙe, sai ta ji ta miƙe ita kaɗai, ba nauyin kowa a ƙugunta. Suka ratsa yashi, suka fita zaure, suka shiga lungu. Majanyin bai ja hagu ba, bai yi ƙasa ba, takun da ke bayanta yana sauka daidai da nata. Amma hannun yana nan, tana jin ɗumin yatsun ta cikin saƙin, an riƙe gam.

A bakin titi suka tarar da Kalilu ƙarƙashin motarsa yana duba taya. Ya leƙo ya ce Yaya ta dai shirya da wuri gobe, sammako zai yi. Tsahara ba ta tsaya ba, ba ta kuma dube shi ba. Motar ta duba.

"A hwaɗa ma mai motagga ya tahi abinai," ta ce. "Muna da sauran gidaje."

Ta ji an ƙara damƙe majanyin ta baya. Ta rage tsawon takunta, suka nufi gidan Lawwali mahauci a hankali.